Darasi na 9: Amalanken Ɗaukar Jirgi, Gyaransa da Saitinsa

A wannan darasi za mu koyi yadda ake kula da amalanken da ake ɗora wa kwale-kwale, da yadda ake saita shi har jirgi ya shiga ruwa ya fito ba sai an kira gayya ba. Bayanin ya shafi amalanken da shanu ke ja, ya kuma shafi 'yar tirelar da ake ɗaura wa mota ko tarakta. Inda suka sha bamban za a faɗa.

Abin da ke sa jirgi ya hau tudu

Ruwan ƙasar Kabi ba mazaunin wuri guda ba ne. Gulbin Rima da na Sakkwato sukan haɗe kusa da birnin Sakkwato, su gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi, su ratsa fadamar da ke yamma da Kalgo, su nufi Bunza. Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Jega, yakan zo ya same su, sannan duka su tafi su faɗa Kwara. A watannin Agusta da Satumba, balle in an saki ruwa daga madatsun Goronyo da Bakolori, fadama takan cika ta batse. Manomin da ya je gonarsa da ƙafa a farkon damina, sai da jirgi zai koma ya ga halin da shinkafarsa ke ciki. Wanda ya ga ambaliyar 2010 ko ta 2020 ya san abin da ake faɗa. Daga kaka kuma ruwa ya fara ja da baya, ya bar tafkuna nan da can, kowanne da tarwaɗarsa da gargazarsa, amma babu hanyar ruwa tsakaninsu. Masunci na son kifin tafkin gaba, jirginsa kuwa yana tafkin baya.

Mutanen Gwandu tasu matsalar daban ce. Garin ba a bakin babban gulbi yake ba, don haka mai jirgi a Gwandu ko Dalijan ko Kambaza dole jirginsa ya yi tafiyar tudu kafin ya ga ruwa. Ko sabon jirgin da aka sayo daga masu ƙera jirage a Yawuri, a bayan mota yake isowa.

Abin da aka saba shi ne a tara samari, wasu su ɗaga, wasu su ja a ƙasa. Jirgin katako ba ya son haka. Jan ƙasa yana kankare gindinsa. Ɗagawa ta kai da wutsiya tana lanƙwasa tsakiyarsa, ƙusoshi su saki, audugar da kwaltar da aka toshe tsakanin katakai su zazzage. Jirgi da yawa a kan tudu suka samu raunin da ke sa su yoyo, ruwa asirinsu kawai ya tona. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako da aka cika da fasinja fiye da ƙima ya dare a Kwara kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane masu yawa suka rasu. Allah ya jiƙan su. Ƙarfin katakon jirgi ba abin wasa ba ne.

Ƙa'idar darasin nan guda ce. Ruwa ne ke sauke jirgi daga amalanke, ruwa ne kuma ke ɗora shi. Aikin mutum shi ne ya kai amalanke inda ya dace, ya riƙe igiya. In ka ga ƙarti shida suna nishi a bakin kwata, saitin amalanken ne bai yi ba.

A fara auna jirgi

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ɗauki aksul ɗin tsohuwar mota ya kai wa mai walda ya ce, "Haɗa mini amalanke," sai an gama a zo ana neman yadda jirgi zai zauna a kai. Jirgi ake fara aunawa: tsawonsa, faɗin gindinsa, da nauyinsa.

A wajen nauyi ake yawan yaudarar kai. Katakon da ya kwana cikin ruwa ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba. Ruwan da ya taru a cikin jirgi ma kaya ne, domin lita ɗaya kilo ɗaya ce. In ruwan ya kai cikin jarka huɗu masu lita 25, ka ƙara wa amalankenka kilo 100 ke nan, nauyin buhun siminti biyu, kuma nauyi ne mai yawo, yanzu yana gaba, an jima yana baya. A kwarfe shi tas kafin a tashi. Sai inji. Yamaha mai ƙarfin doki 15 ya kusa kilo 40, mai doki 40 ya haura kilo 70, kuma a can ƙarshen jirgi yake rataye. In tafiyar da nisa, gara a kwance shi a kwantar da shi a tsakiyar jirgi a kan tsohuwar taya.

Yanzu a nemo tsakiyar nauyin jirgi. A sa gungumen ice mai santsi a ƙarƙashinsa a gicciye, a riƙa tura jirgin gaba da baya har a samu inda kai da wutsiya suka daidaita, babu wanda ya rinjayi wani. A shafa fenti a wurin, dama da hagu. Ba lallai ne ya faɗo a tsakiyar tsawon jirgi ba. Idan aka ɗora jirgi a amalanke, wannan alamar ta zauna gaban aksul da kaɗan. Kada ta zauna a bayansa ko sau ɗaya.

Nawa ne kaɗan ɗin? Masana tirelar jirgi suna ba da shawarar cewa nauyin da zai sauka a bakin sandar ja ya kasance kamar kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin kayan duka. Mu yi lissafi. A ce jirgi kilo 400 ne, amalanke kilo 200, jimla 600. Kashi 7 na 600 shi ne 42, kashi 10 shi ne 60. Ke nan bakin sandar zai yi nauyin kusan buhun siminti guda. Ana iya rataya shi a sikelin auna buhu a gani, amma a ɗaga shi daidai tsayin da zai zauna lokacin tafiya. In babu sikeli, ga gwaji: namiji mai ƙarfi ya iya ɗaga bakin sandar da hannu biyu, ya kuma san ya ɗaga abu. In da yatsa ta tashi, baya ya yi nauyi. In sai mutum biyu, gaba ya yi nauyi.

Nauyin baya shi ne mugun. A bayan mota, da an ɗan taka wuta tirela za ta fara wutsiya, tana kai dama tana kai hagu, har ta iya kifar da motar. A wuyan shanu kuwa, karkiya ke tashi sama, igiyar wuya ta shaƙe su. Abin ya fi muni wajen hawa daga kwata, domin gangara tana ƙara mayar da nauyi baya, a daidai lokacin da ake son shanu su ba da ƙarfi. Nauyin gaba in ya yi yawa shi ma yana kumbura wuyan sa, ya bar masa gyambo. Mai shanu ya tsaya a ɓangaren sauƙi na wannan lissafi, amma kada ya bar sanda babu nauyi sam.

Gyaran iri biyu ne: a matsar da jirgi, ko a matsar da aksul. Shi ya sa ya kamata a gaya wa mai walda tun farko kada ya liƙe aksul da firam. Ya ɗaure shi da yubol, ya bar 'yan ramuka gaba da baya, yadda za a iya matsar da shi in an canza jirgi ko an sa inji. Bayan an matsar, a ɗauki igiya a auna daga bakin sanda zuwa ƙarshen aksul na dama, a sake aunawa zuwa na hagu. Dole su zo daidai. In ɗaya ya fi, amalanke zai riƙa tafiya a karkace, yana cinye taya gefe guda, shanu na jan abin da bai kamata su ja ba.

Shimfiɗar jirgi

Jirgi ba ya kwanciya a kan ƙarfe tsirara. Ana shimfiɗa masa katakai biyu dogaye a tsaye, daga gaba zuwa baya, su ɗauki gindinsa. A nemi ice mai jure ruwa da gara, irin maɗaci ko ƙirya ko kawo. Farin katako mai arha damina guda zai yi ya ruɓe. A nutsar da kan ƙusa ko noti cikin katakon sosai, domin kan noti guda da ya leƙo ya isa ya yi wa gindin jirgi zane daga kai har wutsiya.

Shimfiɗar ta taɓa jirgi ko'ina. Bayan an ɗora shi, a ɗauki takarda a bi tsakanin katako da gindin jirgi ana zurawa. Duk inda ta shige salin-alin, wurin bai ɗauki komai ba, wani wuri ne ke ɗauke da nauyin biyu. A cike gurbin da siririn katako ko roba. Jirgin da ke ɗaukar inji kuwa, dole shimfiɗar ta kai har ƙarƙashin allon bayan da ake rataya injin. In ta tsaya kafin nan, kowane rami a hanya sai ya karya gindin jirgin kaɗan, har ya yi ƙusumbi. Kwale-kwalenmu dogaye ne, sau da yawa sun fi amalanke tsawo. Maganin shi ne a ƙara wa firam tsawo, kada a bar rabin jirgi yana lilo a iska.

Tsayin shimfiɗa daga ƙasa shi ne sirrin sauƙin saukewa. Iya kusancinta da ƙasa, iya saurin da ruwa zai ɗaga jirgi, iya ƙarancin zurfin da amalanke zai shiga. Amalanken dakon taki ko buhuna yana da dandamali a saman tayu, ya yi wa jirgi tsayi da yawa. Na jirgi, in faɗin aksul ya bari, jirgin ya zauna a tsakanin tayu. A bar tazarar tafin hannu tsakanin taya da jikin jirgi, a kuma tuna cewa sifirin yana lotsawa in an ɗora kaya.

Da me za a rufe katakan? Nan ra'ayi ya bambanta. Wasu na sa tsohon kafet, amma kafet yana riƙe yashi da danshi, sai ya riƙa goge jirgin yana ruɓar da katakon. Wasu na yanka tsohuwar taya su buga. Roba tana riƙe jirgi da kyau a hanya, sai dai wajen saukewa ita ce ke sa a yi ta turi. Wasu na tsaga bututun roba na ruwa, ko su yanka tsohuwar jarka su shimfiɗa. Wannan yana da santsi ƙwarai. A ganina haɗawa ya fi: jarka ko bututu a kashi biyu na baya, robar taya a kashi ɗaya na gaba. Baya ya zame, gaba ya riƙe. Amma duk wanda ya sa shimfiɗa mai santsi ya sani, jirginsa zai iya sulɓewa ya faɗi a tudu tun kafin a kai ruwa. Ba a kwance igiyar kai sai wutsiyar jirgi ta taɓa ruwa.

A can ƙarshen baya a sa rola guda, wato bututun ƙarfe da ke juyawa a kan rodi, a rufe shi da roba. Ita ce ke fara karɓar hancin jirgi wajen ɗorawa. A saukar da ita ƙasa da shimfiɗa da ɗan kaɗan, don kada jirgi ya zauna a kanta lokacin tafiya, domin rola wuri guda take dannawa, katakon jirgi kuwa ba ya jure haka. Dama da hagu a baya a kafa sanduna biyu a tsaye, a zura musu bututun roba. Su ne ke nuna wa matuƙi inda amalanke yake in ya nutse a ruwa mai laka, su kuma hana igiyar ruwa ta kauce da jirgi. A gaba a kafa turke mai baki kamar gwafa, a naɗe shi da roba, inda hancin jirgi zai tsaya. In da hali a ɗaura winci a kan turken, wato abin naɗe igiya da ake juyawa da hannu. Igiyarsa ta miƙe daidai da zoben hancin jirgi. In wincin ya yi ƙasa, hancin zai riƙa dannawa cikin shimfiɗa, ana juyawa jirgi na tirjewa.

Boris

Abin da ya fi kashe amalanken jirgi shi ne boris, yana ɓoye a cikin hob, a tsakiyar taya. Tsaya wurin bakanike ka ga yadda yake duba wanda ya yi damina yana shiga ruwa. Zai sa jak ya ɗaga taya, ya juya ta da hannu yana kasa kunne. Lafiyayyen boris shiru yake yi, wannan kuwa gurr-gurr kake ji. Zai kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta yi ƙwas-ƙwas. Sai ya ɓamɓare hular hob, ya sa yatsa ya lakato giris ya nuna wa mai amalanke. Maimakon giris mai danƙo, abin ya yi fari-fari ya tsinke kamar kindirmon da aka dama, ga jan tsatsa a ciki.

"Baba, wanga boris ya sha ruwa ya ƙoshi."

"To, ɗana, ai ba a daɗe da sa mashi giris ba."

"In kun iso kwata, kuna bari ya huce, ko tura shi kuke yi?"

"Wa ke da lokacin jira, kasuwa na ci?"

"To nan take, Baba."

Bakaniken ya yi gaskiya. Tafiya tana ɗumama hob, iskar da ke ciki ta buɗe. Da an tsoma shi cikin ruwan sanyi sai iskar ta tsuke, hob ya zuƙo ruwa da lallausan yashi ta gefen robar sil. Ruwa ya lalata giris, yashi ya ci ƙarfe. Maganin bai da tsada. In an iso, a dakata kamar kwata na awa, a yi amfani da lokacin wajen kwance igiyoyin tsakiya da wutsiya da duba kwata. A taɓa hob da bayan hannu. In da ɗumi kawai, babu laifi. In ba ya taɓuwa, boris ɗin ya riga ya fara ci. Amalanken shanu bai cika zafi kamar tirelar mota ba, amma tsohon sil ko babu zafi ruwa yake sha.

Ga yadda ake sabunta giris. A zare fin ɗin da ke kulle noti, a kwance notin, a zaro hob. A wanke boris da kananzir a bar shi ya bushe a kan tsabtataccen ƙyalle, kada a ajiye shi a ƙasa. A duba shi a haske. In akwai 'yan ramuka a jikinsa, ko ƙarfen ya yi shuɗi alamar ya ƙone, a canza shi tare da kofin da yake zama a ciki, domin sabon boris a tsohon kofi asarar kuɗi ce. A zuba giris a tafin hannu, a riƙa danna bakin boris a kai har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen. Shafa masa a waje kawai aikin banza ne. A sa sabon sil. Wajen ɗaure noti, ana juya taya ana ɗaurewa har ta fara nauyi, sai a sassauta kaɗan yadda za ta juya sumul ba tare da girgiza ba, a mayar da fin. Wanda ya ɗaure notin tamau da sunan ƙarfi, shi ya ƙone boris ɗinsa da hannunsa.

A nemi giris mai jure ruwa, a kuma tsaya a kan iri guda, domin wasu nau'o'in in sun haɗu narkewa suke yi. Baƙin mai ba giris ba ne. Akwai boris da aka rufe tun daga kamfani, ba a buɗe shi, in ya fara ƙara canza shi ake yi. Wanda kuma ya yi amfani da aksul ɗin bayan mota, mai ƙullutu a tsakiya inda haƙoran ƙarfe ke iyo cikin mai, ya sani akwai 'yar ƙofar shan iska a samansa da ruwa ke bi ya shiga. A sa mata tiyo a ɗaga bakinsa sama, a riƙa duba man. Ana sabunta giris kafin damina da bayanta, da duk lokacin da hob ya daɗe a nutse.

Taya da tsatsa

Tayar amalanke ba tafiya ke kashe ta ba, rana da zama ne. Tana iya kasancewa da zanenta rangaɗau, gefenta kuwa duk ya tsattsage. Kafin ka sayi ta gwanjo, duba lamba huɗu da ke gefenta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayun biyu su zama girma ɗaya, iska ɗaya. A cikin yashi ana rage iska kaɗan don taya ta baje, amma da an hau kwalta a tsaya wurin mai faci a mayar. In za a ajiye amalanke ya daɗe, a ɗora firam a kan bulo, a rufe tayun.

Ƙarfen bututu daga ciki yake ruɓewa, waje na sheƙi da fenti. A huda masa 'yan ƙofofi a ƙasa don ruwa ya tsiyaye. Ƙarfe mai kusurwa, wanda cikinsa ke buɗe, ya fi dacewa da wannan aiki. A riƙa wanke laka, a kankare tsatsa da burushin waya, a shafa jan fenti. A bi wuraren walda da guduma ana ƙwanƙwasawa, inda sauti ya mutu, nan ƙarfe ya mutu. Ana iya shafa wa sifirin baƙin mai, amma a gida, a kuma goge abin da ya yi saura, kada a kai shi ruwan da mutane da dabbobi ke sha.

A bakin kwata

Kafin taya ta taɓa ruwa, mutum ya shiga da gorar tuƙi ya taka wurin. Kwatar da aka yi amfani da ita a makon jiya, yau ruwa ya iya yanke ta ya bar gaɓa. Gangarar da injiniyoyi ke yi wa kwatar siminti takan sauka kashi 12 zuwa 15 cikin 100, wato a kowane taku takwas ƙasa ta sauka kamar taku ɗaya. A nemi wuri mai kama da haka. Bakin fadama yawanci ya fi wannan kwanciya, sai a yi ta shiga ruwa bai kai gwiwa ba. A irin wannan wuri ba a tura mota ko shanu cikin laka. Amalanke kaɗai ake sakawa, da doguwar igiya, mai ja yana kan busasshiyar ƙasa. In ƙasar da taushi, a shimfiɗa katakai ko buhunan yashi a hanyar tayu.

Shanu ba sa son ja da baya. Kada a yi ta dukansu a banza. A sa wa tayu waigi, a kwance shanu, a juya amalanke da hannu bayansa ya fuskanci ruwa. A kafa turke mai ƙarfi a tudu, a naɗa igiya a jikinsa sau biyu, mutum ɗaya ya riƙa sassautawa a hankali amalanke na gangarawa. Mai mota kuwa ya cire wayar fitilun tirela kafin ta shiga ruwa, ya ja birkin hannu, ya sa dutse a bayan taya in zai fita.

Ana shiga har wutsiyar jirgi ta fara tashi, galibi in ruwa ya rufe kashi biyu cikin uku na shimfiɗa. Nan za a tsaya, a kwance igiyar kai, a ɗan tura, jirgi ya tafi da kansa, wani na riƙe da igiyarsa. Ranar da aka dace da zurfin da ya yi daidai, a shafa fenti a sandunan baya a inda ruwa ya tsaya. Gobe ko yaro ya san inda zai tsayar.

Wajen ɗorawa, kada amalanke ya kai zurfin saukewa. In ya nutse da yawa jirgi zai yi ta yawo a samansa, a fito a tarar ya kwanta a karkace, ko ya hau taya. A bar gaban shimfiɗa a waje, a watsa mata ruwa ta jiƙe. In akwai igiyar ruwa, matuƙi ya zo daga ƙasa yana fuskantar ruwan, domin a haka jirgi ke jin filafili. Mutum ɗaya ya tsaya ta inda ruwa ke fitowa, riƙe da igiyar wutsiya. Hanci ya hau rola, a maƙala igiyar winci a naɗe har ya shiga gwafar turke. A ƙara masa igiya ta biyu ko sarƙa, domin haƙorin winci yana kuɓucewa.

Lokacin ja, kada kowa ya tsaya a bayan amalanke, kada kuma kowa ya tsaya a saitin igiya. Igiyar leda in ta tsinke da kaya dawowa take yi, tana iya fasa ido ko karya ƙashi. Yara su ne suka fi son wannan wurin, a kore su tun kafin a fara. A ja kaɗan a tsaya ruwa ya tsiyaye, a duba ko alamar fentin jirgi ta zauna gaban aksul, sannan a ƙarasa. A ɗaure kai da tsakiya da wutsiya, a sa tsumma inda igiya ke cin katako. In an ɗan yi tafiya a tsaya a sake ja, domin igiya takan saki.

Abu biyu da ba a cika kula da su ba. Na farko, amalanken da aka saita da kyau yana rage daɗewar mutane tsaye a cikin ruwa, kuma a kwantaccen ruwan gefen tafki ne dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yake zama. Na biyu, a tsince kainuwa da sauran ciyawar ruwa daga aksul da shimfiɗa kafin a tafi, kada a kai wa wani tafki abin da babu shi a can.

A kan hanya

Titin da ya taso daga Birnin Kebbi ya bi ta Kalgo zuwa Jega, da wanda ya rabu ya nufi Bunza, manyan motoci ne ke bin su. A ɗaura jan ƙyalle a wutsiyar jirgi, a manna abu mai ƙyalli a bayan amalanke, a kuma bar tafiyar dare. Ba a ɗaukar mutum a cikin jirgin da ke kan amalanke. Rigunan ruwa su tafi tare da jirgi, domin hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta wajabta sa su, ta kuma hana tuƙin dare.

Sau da yawa amalanke ɗaya ne ke yi wa unguwa guda aiki, kowa ya ara, babu mai sa giris. In na ƙungiya ne, a ɗora wa mutum ɗaya alhakinsa, a yanka ɗan abin da mai aro zai bayar, a sayi ƙaramin littafi a riƙa rubuta ranar da aka sa giris, da ranar da aka canza taya, da abin da aka kashe. Ga wurin da karatun da muke yi a wannan aji zai yi aiki.

Tambayoyi

1. Jirgi kilo 350 ne, inji kilo 70, amalanke kilo 180. Kilo nawa zuwa nawa ya kamata ya sauka a bakin sandar ja?
2. Me ke faruwa da shanu in alamar tsakiyar nauyi ta zauna a bayan aksul?
3. Don me ba a tsoma hob mai zafi a ruwa?
4. An rubuta 4121 a gefen taya. Yaushe aka yi ta?
5. Me ya sa zurfin ɗorawa bai kai na saukewa ba?

Aikin gida

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya nemi amalanke guda a unguwarsa, na jirgi ne ko na kaya, da izinin mai shi. Ku ɗaga kowace taya ku juya ku saurara, ku girgiza ta, ku auna daga bakin sanda zuwa ƙarshen aksul dama da hagu, ku karanta lambar shekarar tayun. Ku rubuta abin da kuka gani da hannunku, ku zo da shi aji mako mai zuwa.